Ajin darasin Gwamnati ta WhatsApp: inda ya ci kuɗinsa da inda ya yi sakaci

Masu tambayata ko ajin nan da ake koyar da darasin Gwamnati da Hausa ta WhatsApp ya isa a biya masa kuɗi, ga amsarku a wuri ɗaya don in huta da maimaitawa. Ba zan faɗi sunan malamin ba, ba kuma zan sa lambarsa ba. Ba talla aka ba ni ba, sannan akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi masa daɗi ba.

Ni matar aure ce a Talata Mafara, ina da yara, ɗinki nake yi a gida. Na daɗe da barin aji, yanzu kuma zuciya ta raya mini in zauna JAMB in nemi gurbin kimiyyar siyasa a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Lesin ɗin yamma ba nawa ba ne, domin lokacin da ake yin sa ni ina gaban murhu. Shi ya sa da wata ƙanwar maigida ta ba ni labarin wannan aji na ce bari in gwada.

Tsarin ba wuya. Naira 3,000 ake biya a wata, ka tura ta banki, ka aika shaidar biya, a saka ka a zaure biyu. Na farko a kulle yake, Malam kaɗai ke magana a ciki. Na biyu na tambayoyi ne, kowa na iya tofa albarkacin bakinsa. Bayan sallar isha'i, Litinin zuwa Alhamis, Malam yana turo saƙon murya, wani gajere wani ya kai minti ashirin. Ranar Asabar wani yaronsa ya turo darasin a rubuce da Turanci, Lahadi a yi gwaji. Ni da safe nake sauraro, wayar na kan teburin keke ina yanka yadi.

Idan a taƙaice ake so, kuɗina sun fita a kan babi ɗaya tak, wato babin ƙasashen da aka riƙa a ƙarƙashin sa idon duniya da sauran sunayen da ake ba yankunan da ba su mallaki kansu ba. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin tambayoyin jarabawa ya san wurin nan. Kalmomi ne guda biyar ko shida masu kama da juna, ana jera maka su a zaɓi, ka rufe ido ka yi canki-canka. A sakandare haddace su muka yi kamar yadda aka rubuta a allo, ba mu san me ya raba wannan da wancan ba, kuma ina zargin wanda ya rubuta mana su ma bai damu ya sani ba.

Shi wannan Malam ba ya farawa da ma'ana. Yakan faɗi kalmar Turancin sau biyu ko uku, ya turo ta a rubuce don a san yadda take a takardar jarabawa, daga nan ya ajiye Turanci gefe. Sai ya ce kowane yanki aka kawo maka, yi masa tambaya uku: wa ke riƙe da shi, da sunan wa yake riƙe da shi, kuma wa ke da ikon tsayar da mai riƙon ya ce masa zo ka yi bayani. Da waɗannan tambayoyi ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai da ya ɗora shi a kan wani gari da wata shekara.

Da gida ya fara. Legas, a 1861, ƙasar mallaka ce kai tsaye: Sarki Dosunmu ya sa hannu, Ingila ta ce garin ya zama nata, da sunanta take riƙe da shi. Mu kuwa nan Arewa, tun da Gwamna Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, yankin kariya aka kira mu, alhali a lokacin ko Sakkwato ba su kai ba, sai a 1903. A takarda, sarakuna na kan gadonsu, Ingila kāre mu kawai take yi. A aikace kowa ya san maganar Razdan ce ta ƙarshe, kuma haraji bai san wata kariya ba. Amma bambancin yana da tasiri a doka: wanda aka haifa a Legas talakan Sarkin Ingila ne, wanda aka haifa a Mafara kuwa mutum ne da Ingila ke kārewa, ba ɗan ƙasarta ba. Abin da ya sa ke nan da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 sunan da aka raɗa wa Najeriya ya ɗauko kalmomin biyu, mallaka da kariya. A kan tambaya ta uku kuwa duka biyun amsarsu ɗaya ce. Babu wani daga waje da zai tuhumi Ingila, sai dai majalisarta ta Landan in ta ga dama.

Daga nan ya tsallaka zuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jamus ta sha kashi, Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Shehu ba, ta wargaje, ga ƙasashen da ke hannunsu a ƙasa. Waɗanda suka ci yaƙi suna so, amma zamanin ya fara jin kunyar a ce ganima ce. Sai aka ce tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta fara aiki a 1920 kuma ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ita za ta wakilta wasu ƙasashe su riƙe su da sunanta. Malam ya kira wannan riƙon wakilci. An kasa su aji uku. A aji na farko akwai Iraƙi da Falasɗinu a hannun Ingila, Siriya da Labanon a hannun Faransa, waɗanda aka ce sun kusa tsayawa da ƙafarsu. A aji na biyu akwai namu na Afirka: Tanganyika ga Ingila, Ruwanda da Burundi ga Beljiyam, Togo da Kamaru kuma aka tsaga kowacce biyu tsakanin Ingila da Faransa. Aji na uku su ne waɗanda aka yarda mai riƙo ya tafiyar da su tamkar wani sashe na ƙasarsa, irin su Namibiya ta yanzu a hannun Afirka ta Kudu da wasu tsibirai a tekun Pasifik. Sabon abin da ya shigo shi ne rahoto. Duk shekara mai riƙo zai aika bayani ga wani kwamiti a Janiba. Kwamitin ba ya zuwa ya gani da idonsa, abin da aka rubuto masa shi yake karantawa. Malam ya ɗan yi shiru a nan, sannan ya ce mu canki wa ya zauna a wannan kwamiti sama da shekara goma. Gwamna Lugga ne, bayan ya bar Najeriya. Na tsayar da keke na yi dariya ni kaɗai.

A wannan gaɓar ne ya kawo misalin riƙon maraya, wanda duk ɗan Musulmi ya san hukuncinsa. Akwai mai riƙon da ba wanda ke tambayarsa. Akwai wanda alƙali ya ce ya riƙa kawo lissafi a rubuce. Akwai kuma wanda alƙali ke aiko mutane su shiga gidan su ga yaron, yaron na iya kai ƙara da bakinsa, kuma an yi sharaɗi tun farko cewa ranar da ya mallaki hankalinsa za a miƙa masa dukiyarsa. Na ukun nan shi ne riƙon amana, tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo da shi bayan an kafa ta a 1945.

Misalin ya zauna, amma bai kwana lafiya ba. Wani ɗalibi daga Bakura ya turo murya a zauren tambayoyi, da jin sa ka san ba yaro ba ne. Ya ce, "Malam, Allah shi gafarta maka, wa yac ce musu mutanen ga marayu na? Ai sarakunansu na nan da ransu sanda anka raba su." Na zaci Malam zai kāre misalinsa. Bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka yi gaskiya. Masu rabon ne suka rubuta cewa mutanen ba su isa tsayawa da kansu ba, ba wanda ya tambayi mutanen. A jarabawa ka ba su amsar da suke nema, amma wannan da ka faɗa ka riƙe ta." Malamin da ɗalibi zai ƙure shi a gaban aji ya amsa ba tare da ya ji haushi ba, a wurina ya fi wanda ya haddace littafi.

Yankunan amana goma sha ɗaya ne, bakwai a Afirka: Togo biyu, Kamaru biyu, Tanganyika, Ruwanda da Burundi a haɗe, sai Somaliya ta Italiya, wadda aka yanka wa wa'adin shekara goma daga 1950 zuwa 1960. Kwamitin Amintattu na Majalisar shi ke sa ido, yana cikin manyan sassanta guda shida, yana aika tawaga ta ziyarci yankin, yana karɓar takardun koke daga mutanen wurin. Togo ta Ingila ta yi ƙuri'ar raba-gardama a 1956 ta bi ƙasar da ta zama Gana a 1957. Na ƙarshe da ya fita daga riƙo shi ne Palau, wasu tsibirai a Pasifik da Amurka ke riƙe da su, a Oktoban 1994, kuma daga Nuwamban shekarar kwamitin ya dakatar da aiki. Malam ya ja kunne sosai a nan cewa dakatarwa ya yi, ba rushe shi aka yi ba, domin masu tsara tambaya suna son wannan tarko.

Inda ya fi daɗewa, kuma inda na fi jin daɗi, shi ne Kamarun Ingila, saboda labarin namu ne. Ni dai na taso ina jin Mubi da Gwoza da Dikwa da Bama a matsayin garuruwan Najeriya kamar Gusau da Ƙaura, ban taɓa kawo wa raina wata hanya dabam suka biyo suka shigo ba. Jamus ce ta fara riƙe Kamaru daga 1884, Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1916, Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka, Ingila ta samu wani siririn yanki a gefen iyakarmu ta gabas. Sashen arewa na wannan yanki ma ba a haɗe yake ba, gida biyu ne da kwarin Binuwai ya raba wajen Yola. Ingila ba ta yi masa gwamnati tasa ba, sai ta raba shi ga lardunan Barno da Adamawa da Binuwai ana tafiyar da shi tare da Jihar Arewa. Saboda haka mutumin Mubi da mutumin Yola haraji ɗaya suke biya, Razdan ɗaya ke kansu, amma a idon duniya ɗaya yana yankin kariya ɗaya yana yankin amana, kuma na amanar ba a isa a ba shi 'yanci tare da Najeriya ba sai an tambaye shi.

An tambayi mutanen sashen arewa na Kamarun Ingila a Nuwamban 1959: ku bi Arewacin Najeriya in ta samu 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba? Mafi yawa suka ce a ɗage. Wannan ya girgiza gwamnatin Kaduna, domin ta ɗauka a aljihunta suke. Malam ya bayyana cewa da yawansu ba Najeriya suke ƙi ba, mulkin En'e na sarakunan da aka ɗora musu suka gaji da shi. Don haka ranar 1 ga Oktoba 1960 da ake bikin 'yanci, su suna hannun Ingila har yanzu. Aka sake ƙuri'a a Fabrairun 1961, wannan karon zaɓi biyu ne kawai, Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru ta Ahmadu Ahidjo, wadda ta samu 'yanci daga Faransa ranar 1 ga Janairu 1960. Ba a ba su zaɓin tsayawa ƙasa mai cin gashin kanta ba. Sardauna ya yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. Kusan kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a a sashen arewa suka zaɓi Najeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni 1961, aka kira wurin Lardin Sardauna. Sashen kudu na Kamarun Ingila kuwa ya zaɓi Kamaru ya haɗe da ita ranar 1 ga Oktoba 1961, kuma su ne masu Turancin Ingilishi da ake jin rikicinsu a labarai har yau. Kamaru ba ta ji daɗin rasa arewar ba, ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kai a 1963.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa Malam a tsakiyar magana ya jefo shi, sai da na mayar da saƙon baya don in tabbata na ji daidai. A ƙuri'ar 1959 maza kaɗai suka jefa. A ta 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kowane baligi zai jefa, har mata. Ke nan matar Mubi ta tsaya a layi ta zaɓi ƙasar da za ta zama tata, alhali matar Mafara ba ta samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Na tambaye shi a zaure ko hakan na nufin riƙon amana ya fi namu alheri. Ya ce, "Hajiya, ba zan ce miki haka ba, amma kin ga amfanin tambaya ta uku. Inda akwai mai tambaya daga waje, mai riƙo yakan yi abin da ba ya so." Amsar ta gamsar da ni rabi. Har yanzu ina ganin ya kamata ya faɗi nawa ne daga cikin koken da aka aika suka canza wani abu a ƙasa, amma wannan ya wuce abin da JAMB ke tambaya, ban matsa ba.

To, yanzu ga inda aka ɓata mini rai.

Darasin da ake turowa a rubuce bai kai ƙafar na murya ba, kuma da alama Malam ba ya dubawa kafin a tura. A makon nan da nake yabo, yaron ya jera Namibiya cikin yankunan amana. Alhali Malam da bakinsa ya ɓata lokaci yana bayyana cewa Afirka ta Kudu ƙin miƙa ta ta yi ga sabon tsarin, ta ci gaba da riƙe ta da tsohuwar takardar wakilci, har Babban Zauren Majalisar ya soke wakilcin a 1966, Kotun Duniya ta ce zamanta a can haramun ne a 1971, ƙasar ba ta samu 'yanci ba sai ranar 21 ga Maris 1990. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa Namibiya ta fita dabam. Ɗalibin da ba shi da datar sauke murya, ya dogara da rubutun, an koya masa kuskure da kuɗinsa. Mun yi magana, aka ce za a gyara, har aka shiga wani babi ba a gyara ba.

Na biyu, babu taswira ko ɗaya. Ana maganar yanki siriri da kogi ya raba biyu, ana maganar Togo da aka tsaga, duk da baki. Sai da na ɗauko littafin taswirar ɗana na firamare na bi iyakar da yatsa daga tafkin Cadi zuwa Gembu kafin abin ya zauna mini. Hoto ɗaya da zai turo ya isa, kuma bai kai nauyin saƙon murya ɗaya ba.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Bayan ya gama Kamaru sai ka ce an ce masa mota za ta tashi. Mulkin haɗin gwiwa, inda ƙasa biyu ke riƙe da ɗaya kamar Sudan a hannun Ingila da Masar daga 1899 zuwa 1956, jimla biyu ya samu. Riƙon ƙwarya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi da kanta ba ta hannun wata ƙasa ba, kamar Kosobo daga 1999 da Timor ta Gabas daga 1999 zuwa 2002, sunayen kawai ya ambata. Yankunan da har yau ke cikin jerin waɗanda ba su mulkin kansu, su goma sha bakwai, ciki har da Yammacin Sahara da aka yi wa alkawarin ƙuri'ar raba-gardama tun tsagaita wutar 1991 ba a yi ba, duk a saƙo ɗaya aka cusa su tare da mamaya da ɓallewa da cin gashin kai. Bakassi ma, da Kotun Duniya ta ba Kamaru a 2002 aka kammala miƙawa a 2008, wani ne ya tambaya kafin aka taɓo ta. Tambayoyin nan uku da ya koya mana, da ya bi waɗannan da su, da babin ya cika. Ni na zauna na yi wa kaina a bayan littafin awo, amma ba don in koyar da kaina na biya ba.

Zauren tambayoyi kuwa kasuwa ce. Mai tallan turare, mai tura saƙon a yaɗa wa mutum goma, masu gaisuwar Juma'a tun daren Alhamis. Tambaya mai ma'ana takan nutse kafin Malam ya leƙo. Sakamakon gwajin Lahadi wani lokaci sai an manta da tambayoyin yake fitowa, kuma maki kawai ake ba ka, ba a nuna maka inda ka faɗi. In Malam ya yi tafiya aji ya tsaya, ba a ƙara wa kowa kwana a kan watansa. Sautin kansa ba laifi, sai dai wani dare ana jin janareton maƙwabta fiye da muryarsa.

Wanda Turanci ke yi masa shamaki, ko ya daɗe da barin makaranta irina, ko mace da fita lesin ba ta yiwuwa gare ta, ajin zai amfane shi, da sharaɗin ya mallaki littafin Gwamnati na sakandare a gefe yana gwada duk abin da aka turo a rubuce. Wanda ya riga ya fahimci darasin yana neman atisayen tambayoyi ne kawai, ya sayi tsofaffin tambayoyi da kuɗinsa ya fi masa. Ni na biya na wata mai zuwa, saboda za a shiga tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa, na 1922 da 1946 da 1951 da 1954, kuma ina son in ji yadda zai warware su.

Mai niyyar shiga yanzu ya tambayi mai kula da zauren, tun kafin ya tura ko sisi, ko za a ba shi saƙonnin babin riƙon amana da suka wuce. Sabon shiga ba ya ganin abin da aka tura kafin zuwansa, kuma wata da ta shigo bayana sai da ta bi mu ɗaya-ɗaya tana roƙo kafin ta haɗa su.